Francis Ngannou: ƙarfin da ya kai Fury ƙasa da giɓin da Joshua ya gano

A daren 28 ga Oktoba 2023, sa'ad da Tyson Fury ya zube a turmi na uku, gidajen kallo daga Ngaundere zuwa Garwa, daga Marwa zuwa Kuseri suka kaure da ihu lokaci guda. Francis Ngannou, ɗan Kamaru wanda bai taɓa hawa dandamalin boksin na ƙwararru ba, ya kai mai riƙe da kambun duniya na masu nauyi na hukumar boksin ta WBC ƙasa a birnin Riyad na Saudiyya. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 8 ga Maris 2024, a wannan birni dai na Riyad, Anthony Joshua ya shimfiɗe shi kafin turmi na biyu ya ƙare, har sai da likitoci suka sa masa abin shaƙar iska. Tun daga lokacin musu bai mutu ba a teburin mai shayi. Wasu na cewa alƙalai sun yi masa fashi a karon farko, wasu na cewa a karo na biyu ba haka kawai aka bar shi ba. Maganganun biyu duk sun tsallake abin da ya faru a cikin igiya, alhali kuwa yana da bayani in aka bi rayuwar mutumin tun daga tushe.

An haifi Francis Ngannou ranar 5 ga Satumba 1986 a Batié, cikin tsaunukan yankin Yamma na Kamaru, ƙasar Bamileke. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara 6, ya tashi a hannun dangi, kuma tun yana wajen shekara 10 yake haƙar yashi don ya sami kuɗin makaranta. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Binuwai a Garwa, ko cikin busasshen mayo a Marwa da rani, ya ga samari suna loda wa tifa yashi, ya san irin aikin. Mutum ya kafa ƙafa, ya caka shebur, ya murɗa ƙugu, baya ya ɗauka, kafaɗa ta miƙa, hannu ne na ƙarshe da ke sakin yashin sama. Naushi mai nauyi ma ta wannan hanya yake bi: daga ƙasa yake tasowa, ya ratsa ƙugu, dunƙulen hannu isar da saƙo kawai yake yi. Amma kada a ɗora wa yashi abin da ba nasa ba. Dubban yara sun yi wannan aiki ba su zama Ngannou ba. Shi Allah ya ba shi ƙira, tsawon mita 1.93 da hannuwa masu buɗewa har santimita 211. Abin da ramin yashi ya ƙwace masa kuwa ya fi abin da ya ba shi, domin shekarun da ake koyon dambe a cikinsu can suka ƙare.

Sai da ya kai shekara 22, yana acaɓa a Duwala, sannan ya fara zuwa wurin koyon boksin, kuma bai yi nisa ba rashin lafiya ta tsayar da shi. A 2012 ya kama hanyar Turai ta ƙasa: Najeriya, Nijar, Aljeriya, Maroko, hanyar da mutanen arewa suka san 'ya'yan da ta cinye. Ya fi shekara a kanta. Bayan yunƙuri da dama ya tsallaka ruwa a ƙaramin jirgin roba, ya yi wata biyu a tsare a Sifaniya, ya isa Paris a 2013 yana kwana a wurin ajiye motoci. Boksin ya je nema, don Mike Tyson ne gwaninsa tun yana yaro. Waɗanda suka tallafe shi, ciki har da koci Fernand Lopez, wanda shi ma ɗan asalin Kamaru ne, suka karkatar da shi zuwa damben keji, wato MMA, inda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Lissafinsu daidai ne. Mai shekara 27 da ba shi da tarihin wasan share fage, babu mai shirya boksin da zai zuba kuɗi a kansa.

A kejin ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya shiga UFC, babban kamfanin shirya wasannin MMA, a Disamba 2015, kuma naushin ƙasa zuwa sama da ya ɗauke Alistair Overeem da shi a Disamba 2017 har yau ana maimaita hotonsa. A Janairu 2018 Stipe Miocic ya nuna masa iyakar ƙarfi: ya kauce wa guguwar turmin farko, ya bar shi ya ƙone numfashinsa, sannan ya danne shi da kokawa har turmi biyar suka cika. Ya sake yin rashin nasara a hannun Derrick Lewis a Yulin shekarar, a wani wasa da kusan bai kai hannu ba. Daga nan ya farfaɗo. Ya gama da Curtis Blaydes cikin daƙiƙa 45, Cain Velasquez 26, Junior dos Santos 71, Jairzinho Rozenstruik 20. In ka tara wasannin nan huɗu, minti 2 ne da daƙiƙa 42, ba su kai turmin boksin guda ɗaya ba. A riƙe wannan lissafi, domin shi ne ɗaukakarsa kuma shi ne talaucinsa. Mai gama abokin karawa cikin ƙiftawar ido ba ya samun lokacin koyon abin da dogon wasa ke koyarwa.

Ranar 27 ga Maris 2021 ya rama wa Miocic da kisa a turmi na biyu ya ɗauki kambun masu nauyi, wannan karon cikin natsuwa, yana jira maimakon afkawa. A Janairu 2022 ya kare kambun a gaban Ciryl Gane da gwiwa mai rauni, ya ci wasan da kokawa. Kuɗin da aka bayyana a hukumance na wannan dare dala 600,000 ne, wajen sefa miliyan 350, kuma kwangilarsa ta hana shi boksin. A Janairu 2023 ya bar UFC da kambun a hannunsa, ba wanda ya ƙwace.

Abin da ya raba keji da igiya

Mai kallo na ganin duk naushi ne, amma sana'o'i biyu ne. Safar hannun MMA giram 113 ce, yatsu a waje. Ta boksin a ajin masu nauyi giram 283, ta ninka biyu da rabi, ga faɗi, don haka ana iya ɓoye fuska a bayanta, kuma naushin da zai ratsa kariya a keji yakan tsaya a kan safa. Turmin MMA minti 5 ne, uku ko biyar. Na boksin minti 3 da hutun minti 1, har goma ko sha biyu. Ɗan keji yana tsayawa nesa, ƙafafu a buɗe, hannuwa ƙasa-ƙasa, saboda yana tsoron shuri da kamun ƙafa. Ɗan boksin yana zaune ne a tazarar da hannu ke kaiwa, inda kuskuren taku ɗaya ya isa.

Babban bambancin yana wurin faɗuwa. A damben gargajiya, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauka, magana ta ƙare. A keji kuma in ka kayar da mutum sai ka bi shi ƙasa ka ƙarasa. A boksin alƙali zai tura ka kusurwa, ya ƙirga wa wanda ya faɗi, in ya miƙe kafin goma kuma idonsa na gani, wasa ya ci gaba. Shi ya sa wanda ya tashi da kallon dambe a fagen mahauta ba zai taɓa yarda cewa wanda aka kayar shi ne ya ci ba. Da dokar gida aka bi, Ngannou ya gama da Fury tun turmi na uku.

Ga yadda ake lissafin. Alƙalai uku ne a gefen dandamali, kowa da takardarsa, kuma kowane turmi daban ake yanke masa hukunci. Wanda ya fi a turmi ya sami 10, ɗayan 9. In an kayar da mutum, 10 da 8. Ke nan faɗuwa maki ɗaya tak take ƙarawa a kan cin turmi. Wasan Fury turmi goma ne. Alƙalin da ya rubuta 95 da 94 ga Ngannou ya raba musu turmi biyar-biyar, faɗuwar ta raba gardama. Wanda ya rubuta 95 da 94 ga Fury ya ba shi shida, Ngannou huɗu. Na uku da ya rubuta 96 da 93 ya ba Fury bakwai, kuma wannan takarda ita ce mai wuyar karewa. Amma tsakanin biyun farko turmi ɗaya ne kawai. Da Ngannou ya ƙara cin turmi ɗaya a idon alƙali na biyu, da tarihi ya sauya. A turmi biyun ƙarshe kuwa hannunsa ya yi sanyi, ya koma bin Fury da ido, shi kuma Fury yana ta tsinto maki da zungurin hannun gaba. Ƙididdigar na'ura ta nuna Fury ya sauke naushi 71, Ngannou 59. Ana iya cewa Ngannou ya cancanci nasara, kuma akwai hujja. Kalmar fashi dai ta yi wa wasa mai kusa haka girma.

To me ya sa Fury ya sha wuya? Shi mutum ne mai tsawon mita 2.06 wanda ya saba cin mutane da jiki. Yakan zungura, ya rungume, ya kwantar da nauyinsa a wuyan abokin karawa har ƙafafunsa su mutu, kamar yadda ya yi wa Deontay Wilder. A daren nan ya hau sikeli da kilo 126, Ngannou da 123, kuma wanda ya shekara goma yana kokawa a jikin keji ba a koya masa runguma. Duk lokacin da Fury ya jingina, sai a ture shi. Makaminsa na biyu yaudara ce: girgiza kafaɗa, ɗaga hannu na ƙarya, don ya sa ɗan boksin ya motsa yadda aka horar da shi. Ngannou ba shi da wannan horo a jikinsa, sai ya tsaya kawai yana jiran naushin gaske. Da Fury ya shigo da hagu da dama a turmi na uku ya tsaya kusa, laujen hagu ya same shi a gefen kai. Ƙari a kan haka, Fury bai yi wasa ba tun Disamba 2022, hankalinsa na kan karawar da ke jiransa da Oleksandr Usyk, kuma babu faifan boksin ɗin Ngannou ko ɗaya da zai zauna ya nazarta.

Joshua ya sami abin da Fury bai samu ba: turmi goma cif na faifai. Ya kuma shigo da zafinsa, don wasa uku ya yi a 2023, na ƙarshe ranar 23 ga Disamba. Shi da kocinsa Ben Davison ba su nemi runguma ba, ba su nemi musayar wuta ba. Sun nemi tazara da miƙaƙƙiyar dama.

A nan sai an fahimci tsayuwa. Na-dama yana sa ƙafar hagu da hannun hagu a gaba, dama na baya tana jira, kamar yadda ɗan damben gargajiya ke miƙa garkuwa gaba ya ajiye mashi a baya. Bahago akasin haka. In na-dama ya fuskanci bahago, ƙafafunsu na gaba suna kallon juna, kuma wanda ya sa tasa ta wajen ta ɗayan, hannunsa na baya ya daidaita da haɓar abokin karawa kamar an ja zare. Bahagon asali ya san wannan tun yana yaro, ba ya ma tunani ƙafarsa ke kai kanta. Ngannou ya riƙa juyawa zuwa tsayuwar bahago a gaban Fury kuma ta yi masa rana. Da ya juya a gaban Joshua wajen ƙarshen turmin farko, bai gyara ƙafa ba, kansa na tsakiya, dama ta zo a miƙe ta zaunar da shi. Wannan ne karon farko da aka taɓa kai shi ƙasa da naushi a duk sana'arsa.

Giɓi na biyu yana hannunsa. Ngannou na da ɗabi'ar miƙa hannu ya kaɗe zunguri tun yana nesa. A keji hakan na da amfani. A boksin kaɗewa taƙi ce kaɗan, tafin hannu ya taɓa safar da ke zuwa ya koma haɓa nan take. In hannu ya yi nisa da fuska, ko ya sauka bin zungurin da aka kai ciki, ƙofa ta buɗe. Joshua ya yi ta aika hannun gaba, wani a ƙirji, wani na ƙarya, har ya tabbatar hannun zai fita, sannan ya ɗora dama ta sama. Faɗuwa ta biyu ke nan, a turmi na biyu. Ngannou ya miƙe, amma duk mai lura ya ga ƙafafun ba nasa ba ne kuma hannuwan ba su hau ba. Joshua ya tako ya saki dama guda. Minti 2 da daƙiƙa 38.

Mutane na tambaya yaya mai wuya kamar turmin daka zai suma haka. Suma ba ta duba girman ƙirji. Naushi a haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙo, wuta ta ɗauke. Wanda ya ga naushi na zuwa yakan ɗaure wuya, ya sunkuyar da haɓa, ya bi naushin da kai, sai ƙarfin ya ragu. Wanda bai gani ba, duka yake karɓa. Kuma ƙwaƙwalwar da ta riga ta girgiza sau biyu cikin 'yan mintuna ba ta da saurin ganin na uku. Bayan faɗuwa ta biyu ya kamata a ce an tsayar da wasan, ko alƙali ko mutanen kusurwarsa. Naushin ƙarshe bai ƙara wa kowa sanin komai ba, lafiyar mutum kawai ya taɓa.

Ma'aunin da ake mantawa da shi

Akwai wani ɗan Kamaru da ya tsaya gaban Joshua ɗin nan, kuma ba a cika ambatonsa a gidajen kallo ba. Carlos Takam, haifaffen Duwala a 1980, ya wakilci Kamaru a gasar Olamfik ta Atina a 2004 kafin ya koma Faransa ya shiga wasan kuɗi. Ranar 28 ga Oktoba 2017, shekara shida daidai kafin daren Fury, ya hau dandamali a birnin Kadif na Birtaniya gaban mutum sama da 70,000, bayan an kira shi saura kwana 12 ya maye gurbin Kubrat Pulev da ya ji rauni. Joshua na lokacin ba a taɓa doke shi ba, yana riƙe da kambun duniya na hukumomin IBF da WBA, ya fi Takam tsawo da nauyi. Takam ya taɓa ƙasa a turmi na huɗu, gira ta fashe, jini na shiga ido, amma ya kai turmi na goma, kuma da alƙali ya tsayar da wasan yana kan ƙafafunsa yana nuna bai yarda ba, 'yan kallo na yi wa hukuncin ihu.

Takam bai kai Ngannou ƙarfin hannu ba, ko kusa. Abin da ya riƙe shi minti kusan talatin a inda Ngannou bai cika shida ba, ƙananan abubuwa ne da ido ba ya kamawa: kai ba ya zama wuri ɗaya, haɓa na manne da ƙirji, gwiwoyi a lanƙwashe yana shigewa ƙarƙashin dogon hannu, in an same shi ya san yadda zai riƙe ya sayi daƙiƙa goma. Ba a koyon waɗannan a sansanin wata uku, ko da Mike Tyson ne ke tsaye a kanka, kamar yadda ya tsaya wa Ngannou kafin wasan Fury. Ba a fafe gora ranar tafiya. Joshua da ake cewa ya fara a makare, yana da shekara 18 ya fara, ya ci zinaren Olamfik a 2012, kuma wasansa na kuɗi 30 kafin ya haɗu da Ngannou. Fury 34. Ngannou ya shiga na farko da sifili, na biyu da ɗaya. Takam kuwa sana'ar ta riƙe shi har yana da shekara 42 ya doke Tony Yoka, mai zinaren Olamfik na 2016, a Paris cikin Maris 2023.

Saurayin da ke dukan buhun yashi a bayan gida a Garwa ko Njamena yana mafarkin zama Ngannou, tsarin Takam ya fi yi masa amfani. Watannin farko na ƙafa ne: taku gaba, baya, gefe, ba tare da ƙafafu sun haɗe ko sun harɗe ba, da tsallen igiya turmi uku na minti uku-uku. Sai zunguri, da dawo da hannu haɓa ta hanyar da ya fita, domin mafi yawan masu koyo a dawowa ake kama su, hannu ya faɗo ƙirji kafin ya hau. Kada a daki buhu da hannu tsirara. Ana naɗe hannu da bandeji mai tsawon wajen mita huɗu da rabi, a ɗaure wuyan hannu da babban yatsa da gaɓoɓi, a kuma sauke naushi a kan gaɓoɓin manuniya da na tsakiya. Mai saukewa da gefen ƙaramin yatsa ƙashin bayan hannunsa ke karyewa, kuma buhun da aka cika da yashi zalla yakan daskare a ƙasa kamar dutse, gara a cika shi da tsummoki a sa yashi kaɗan a tsakiya. Gwaji da abokin atisaye sai da manyan safa masu giram 450 da robar haƙori, ba da cikakken ƙarfi ba. A watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ne lokacin aiki. Wanda kuma ya suma, ko ya tashi da ciwon kai da amai da jiri bayan an same shi, asibiti zai nufa, kuma ƙa'idar hukumomin dambe ita ce aƙalla kwana 30 ba a sake taɓa kansa ba.

Bayan daren Joshua da 'yan makonni, a Afrilu 2024, Ngannou ya rasa ɗansa Kobe mai wata 15, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yi tunanin ajiye sana'ar. Ranar 19 ga Oktoba 2024 ya dawo Riyad, wannan karon cikin keji, ƙarƙashin kamfanin PFL wanda ya naɗa shi shugaban reshensa na Afirka. Abokin karawarsa Renan Ferreira ɗan Burazil ne mai tsawon sama da mita biyu da dama mai kisa. Ngannou bai tsaya auna hannu da shi a tsaye ba. Ya kama shi ya kai ƙasa, ya hau bayansa, ya yi ta saukar da hannu har alƙali ya shiga tsakani kafin minti huɗu su cika, sannan ya fashe da kuka a cikin kejin yana kiran sunan yaron.